Kurakuran da muke yi wajen kula da lafiyar dattawanmu

"Lafiyata ƙalau, me zan je nema a asibiti?" Amsar Baba ke nan duk lokacin da na taso da maganar awo, ni kuma kunya ta sa in ja bakina in yi shiru. Shirun nan shi ne babban kuskure, kuma daga wajenmu 'ya'ya yake. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Dattijo zai riƙa takawa daga unguwar Kwarbai a Zariya zuwa masallacin ƙofar fada ba ko haki, alhali awon jininsa ya haura 140/90, matakin da ake ɗauka jini ya hau, ba a farga ba sai ranar da baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye.

Ranar da na shawo kansa, ban ce masa yana da ciwo ba. Cewa na yi, "Baba, zan je a auna ni, don Allah ka raka ni." Da aka gama da ni sai ya naɗe hannun riga da kansa. Ma'aikaciyar ta auna, ta dube shi, ta sake aunawa, sannan ta ce kada mu tafi sai mun ga likita.

Wasu kuma nisa da layi ne ke hana su, don sun ɗauka komai sai an je asibitin koyarwa na Shika. Awon jini da na suga ƙaramin asibitin unguwa ma yana yi. In awon suga ne na safe, a je ba a karya ba, a riƙo masa koko da ƙosai ya ci bayan an gama. In an ɗora shi kan magani, kada a daina don jiki ya yi daɗi. Maganin ne ya sa ya yi daɗin.

Sai batun mura. Da hunturu ya kama, tari ya cika gida, mu ce "mura ce kawai", a aika yaro kyamis ya sayo kafso. Mura mai tsanani da ake kira infuluwenza kafson nan ba ya kashe ƙwayarta, kuma ga mai suga, ko asma, ko ciwon zuciya, tana iya zarcewa ta zama nimoniya, wato ciwon huhu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsofaffi cikin waɗanda ya kamata a yi wa rigakafinta kowace shekara, domin ƙwayar tana sauya kama. Ta bara ba ta wadatar bana.

Inna takan ce, "Allura ai ta yara ce." Wasu su ce ita ke kawo murar. Allurar ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, iyakarta tsamin damtse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Sai dai tana ɗaukar kimanin mako 2 kafin ta soma kariya, don haka jira har sai mura ta shigo gida makara ce.

Ba ta cikin rigakafin da ake yi wa yara kyauta, saye ake yi, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Ranar da kuka kai su awo, ku tambayi likita inda za a same ta da nawa take, 'yan uwa su yi karo-karo tun kafin sanyi ya sauko.