Kafin ka zuba riyal a takobin sojan Japan

Mu da muka saba da takubban Kasuwar Zal ta Riyad, ko waɗanda ake tsinta jefi-jefi a Harajin Sawarik nan Jidda, idonmu kan adon kube yake fara sauka. To takobin Japan na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu darajarsa a ɓoye take cikin ƙota. Ni dai in aka miƙo mini na hafsa, izinin cire ƙotar nake fara nema. Ɗan tsinken gora ne ke riƙe da ita. A turo shi a hankali, a zare ƙota, sai wutsiyar ƙarfen ta bayyana. Dillalin da ya hana ka ganin wannan wuri, yi masa sallama ka wuce.

A wutsiyar nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, sau da yawa har da shekara a ɗaya gefen. Lissafin da sarautar Sarki Hirohito ake yi, wato zamanin Showa, wanda ya fara a 1926. Ƙara 1925 a kan lambar da ka gani: Showa 18 ita ce 1943.

Daga nan ka nemi ɗan hatimi a saman sunan. In ka ga hatimin Showa, mai siffar fure, ko na garin Seki, to ruwan takobin ba a bi hanyar gargajiya wajen ƙera shi ba, galibi ƙarfen masana'anta ne aka tsoma a mai. Na gaske ne, ya ga yaƙi, amma kada a sayar maka shi da kuɗin wanda aka ƙera da hannu. Hatimin tauraro kuwa na maƙeran da rundunar sojan ƙasa ta amince da su ne, masu aiki da ƙarfen gargajiya. Sama da su akwai na maƙerar da ke harabar wurin bauta na Yasukuni a Tokyo, wadda ta fitar da kusan 8,100 daga 1933 zuwa 1945, sunayen maƙeranta duk da "Yasu" suke farawa. Wani hafsan ma tsohon ruwan takobin kakanninsa ya sa wa kayan soja ya tafi da shi fagen daga. Shi ya sa nake nacewa sai an buɗe.

Samfurori ba su da wuyar riƙewa. Na 94 ya fito a 1934, kubensa da zobban ratayawa biyu. Na 98, na 1938, zobe ɗaya ne. Na sojan ruwa ya zo a 1937, yawanci da baƙin kube. A takubban sojan ƙasa, tuntun ƙota na nuna muƙami: ruwan ƙasa da shuɗi na ƙananan hafsoshi, ruwan ƙasa da ja na manya.

Sabon shiga, shawarata ya fara da samfurin 95 na su saje, wanda aka soma a 1935. Aikin inji ne, ƙotarsa ta tagulla ce a na farko, sannan alminiyam, daga baya itace. Shi ba a cire masa ƙota. Lambar da ke jikin ruwan za ka gwada da ta bakin kube, su zo ɗaya. Sai dai jabunsa ya yi yawa. Ruwan da aka yi wa zanen igiyar ruwa mai ƙyalli da asid, ko rubutun da ya karkace, ko tsatsa ja sabuwa fil a inda ya kamata ta yi duhu, duk ka ja baya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyara. Jama'a, kada a goge tsatsar wutsiya, da ita masana ke gane shekaru. Kada a kai wa mai wasa wuƙa, kada samfefa ta taɓa shi. Goge na kwana ɗaya na iya cinye rabin kuɗinsa. Laimar Jidda kuma ba ta raga wa ƙarfe, don haka duk wata biyu ko uku ka share ruwan da tsumma mai laushi, ka shafa man keken ɗinki kaɗan-kaɗan, ka kwantar da shi kaifi sama a ɗaki mai sanyi. Yatsa ma kada ya taɓa ruwan, gumi na barin tabo.

Yawancin na kirki suna Amurka, Ingila da Ostireliya, inda sojoji suka kwashe su bayan 1945, can ake gwanjonsu. Kafin ka tura ko sisi, ka tuntuɓi kwastan na Saudiyya ka ji ko za a bari ya shigo da kuma takardun da ake nema, sannan ka sa mai sayarwa ya aiko maka da hoton wutsiyar gefe biyu.