Yadda za ka gwada agogon ƙirga taku kafin ka yarda da lissafinsa

Ranar da na hau kabu-kabu daga Birnin Kebbi zuwa ƙauyen kakata ta wata hanya mai gargada, ina sauka agogon hannuna ya yi zirrr, wai yana taya ni murna na cika takun da na ɗibar wa kaina na ranar. Ni da ban taka ko'ina ba sai daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Tun daga nan na fara bibiyar abin nan, me ya iya, me kuma yake cika baki a kai. In ka saya ko kana shirin saye, irin su Xiaomi, Huawei, Oraimo ko Fitbit, ga yadda za ka bi.

Abu na farko, tun a shago. Agogon yana da wata koriyar fitila a bayansa, ita ke haska fata, jini yana shanye koren haske, to daga raguwa da ƙaruwar hasken da ke dawowa ne yake gane bugun zuciya. Ka ce wa mai shago ya kunna maka awon, ka kifa agogon a kan tebur ko kan kwalinsa. Mai kyau yawanci zai ce ka ɗaura shi daidai ko ya ƙi ba da lamba. In kuwa ya nuna maka tebur na da bugun zuciya 78, ka ce masa Allah ya ba da kasuwa ka yi gaba.

Na biyu, haɗa shi da waya ta Bluetooth, ka sauke manhajarsa, ka sa tsawonka da nauyinka da shekarunka na gaskiya, don da su yake yin lissafe-lissafensa. Kuma ka gaya masa hannun da ka ɗaura in ya tambaya, ni na fi son hagu don dama ya fi aiki.

Na uku ɗauri. Ka ja shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya, ya kama fata amma ba ya shaƙe ka ba. In ya yi sako-sako haske na shiga ta gefe awon ya rikice. A zafin nan namu na Afrilu gumi na taruwa ƙarƙashin robar har ƙuraje su fito, don haka lokacin alwala ka cire shi gaba ɗaya, dama sai ruwa ya taɓa wurin, ka goge shi ka bari hannu ya bushe sannan ka mayar. Wanda aka rubuta 5ATM a kwalinsa ruwan alwala ko na wanka ba ya yi masa komai, amma ruwan zafi da sabulu kullum ba su da kyau gare shi.

Sai gwajin taku, nan ne labarin yake. Agogon nan ba ƙafarka yake gani ba fa, lilon hannunka yake ji. Ka samu fili, ko filin wasa na Haliru Abdu ko layinku ma ya isa, ka duba lambar da ke kai, ka yi taku 200 kana ƙirgawa da bakinka, ka sake dubawa. In bambancin kaɗan ne to lafiya lau. Bayan haka ka gwada shi a aikin da ba tafiya ba. Matata ta taɓa ɗaura nawa tana daka gero, kafin ta gama turmi ɗaya lambar ta haura kamar ta je kasuwa ta dawo, haka wanki, haka tuƙin tuwo. Shi kuma mai tura kurar ruwa ko baro da ke zagaye unguwa tun safe, hannunsa na kafe kan ƙarfe, agogon sai ya danne masa hakkinsa. Mafita, in za ka hau babur ko za a yi daka ka lura da lambar kafin da bayan, ka cire a ranka. Kuma galibin ƙananan nan ba su da GPS nasu, wato abin da ke gane inda kake, na waya suke ara, in kana son nisan kilomita na gaske sai wayar na aljihunka.

Maganar taku 10,000 kar ta ɗaga maka hankali, asalinta sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Ka yi sati ɗaya kana harkarka yadda ka saba, ka ga nawa kake yi, sai ka riƙa ƙara kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne babban amfanin agogon a wurina, ya nuna mini ranakun da nake wuni zaune a shago ko 3,000 ba na kaiwa, kunya ta sa na fara zuwa masallacin da ya fi nisa a ƙafa.

Lissafin kalori kuwa, wato ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, ka bar shi inda ka gan shi. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori 7, bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, amma a kalori wanda ya fi kowa ma ya kauce da kashi 27 cikin 100.

Barci ma ƙiyasi ne. Lokacin kwanciya da na tashi yana kusantowa, amma in ka kwanta shiru kan tabarma kana sauraren rediyo sai ya rubuta maka barci, na bayan asuba kuma wani lokacin ya haɗa wani lokacin ya manta.

Bugun zuciyar babban mutum yana hutawa tsakanin 60 da 100 ne a minti, ka duba naka da safe kafin ka tashi, ka kwatanta da wanda ka ƙirga da yatsu biyu a wuyan hannu. Amma awon hawan jini ko na suga da wasu masu arha ke nunawa, don Allah kar Baba ya ajiye maganinsa saboda agogo ya ce lafiya. A kai shi asibiti ko kemis a ɗaura masa abin awon hawan jini na damtse.

Batir dai ba laifi, da yawansu na kai sati ɗaya zuwa biyu in ka kashe awon zuciya na kowane minti ka rage hasken fuska, ga yanayin wutarmu. Cajarsa kawai za ka adana da kyau, ba irin ta waya ba ce, tawa da ta ɓace sai da na yi sati uku ina jiran a kawo mini daga Kano.