Yadda Ake Bin Diddigin Alƙawarin Ƙasashe na Rage Hayaƙi Mai Ɗumama Duniya

Tun da aka ƙulla Yarjejeniyar Paris a watan Disamba na 2015, kowace ƙasa da ta shiga cikinta tana miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya takardar alƙawarin rage hayaƙin da take fitarwa, wadda ake kira NDC, kuma ana sabunta ta duk bayan shekara biyar. Takardun a buɗe suke a shafin intanet na ofishin Majalisar mai kula da sauyin yanayi, don haka ɗan jarida ko ɗalibi na iya sauke su ya tantance su da kansa.

Abu na farko da za ka nema shi ne shekarar da aka ɗora lissafi a kanta, domin adadin kashi cikin ɗari ba ya nuna komai sai an san daga ina aka fara ƙirga. Tarayyar Turai ta yi alƙawarin rage aƙalla kashi 55 cikin 100 zuwa 2030, tana aunawa da hayaƙin da ta fitar a 1990, wanda sananne ne. Najeriya kuwa, a takardar da ta miƙa a 2021, ta auna nata ne da hasashen abin da za ta fitar a 2030 idan aka ci gaba da tafiya yadda ake. A irin wannan lissafi, hayaƙin ƙasa na iya ƙaruwa amma ta ce ta cika alƙawari, musamman idan an kumbura hasashen tun farko, saboda haka ka duba ƙaruwar jama'a da bunƙasar tattalin arzikin da aka gina hasashen a kansu.

Daga nan sai ka raba abin da ƙasa ta ce za ta yi da kuɗinta da wanda ta rataya a kan tallafin waje. Takardar Najeriya ta 2021 ta ɗauki nauyin rage kashi 20 ba tare da sharaɗi ba, ta ce zai kai kashi 47 idan an samu tallafi. Tazarar da ke tsakanin adadin biyu ita ce ainihin ma'aunin haɗin kan ƙasashe, kuma tarihinsa bai ba da ƙwarin gwiwa sosai ba. A taron Kofenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alƙawarin dala biliyan 100 a kowace shekara zuwa 2020, amma wa'adin ya wuce ba su cika ba, sannan a taron Baku na 2024 aka ɗaga adadin zuwa dala biliyan 300 nan da 2035. Duk inda ka ga an ambaci kuɗi, ka binciki ko kyauta ce ko rance, domin rance yana komawa ne kan wuyan ƙasar da ake cewa an taimaka wa.

Sai kuma ka bi fannoni ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar ya ƙiyasta cewa a 2019 samar da makamashi ya fitar da kusan kashi 34 na hayaƙin duniya, masana'antu kashi 24, noma da kiwo da sare dazuzzuka kashi 22, sufuri kashi 15, gine-gine kuma kashi 6. Wannan rabo na duniya ne, kowace ƙasa da nata, don haka takardar ƙasa mai haƙo mai da ba ta faɗi ranar daina ƙona iskar gas a rijiyoyinta ba, ta kauce wa babban aikinta.

Kada ka tsaya a takardar kaɗai, domin akwai fannonin da ake tafiyar da su a wasu zaurukan. Jiragen sama masu ƙetare iyaka suna ƙarƙashin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wadda ta amince da tsarinta na shawo kan hayaƙinsu a 2016, jiragen ruwa kuma suna hannun hukumar sufurin teku, wadda a 2023 ta sa burin kawar da hayaƙinsu wajajen 2050. Iskar da ake ɗurawa a firiji da na'urar sanyaya ɗaki ta shiga gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Montreal, mai taƙaita iskokin da ke lalata sararin samaniya, a Kigali a 2016. Ka duba ko ƙasar ta sa hannu a waɗannan, da kuma alƙawarin Glasgow na 2021 na rage iskar mitan (methane), wadda ita ma ke ɗumama duniya, da kashi 30 zuwa 2030. Mai fitar da siminti, ƙarfe ko takin zamani zuwa Turai kuma ya lura da harajin kabon, wato harajin hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa kayan, da Tarayyar Turai ta soma gwajinsa a kan iyakokinta a Oktoba 2023.

Idan ka gama, ka nemi rahoton ci gaba da Yarjejeniyar Paris ta wajabta wa ƙasashe miƙawa duk shekara biyu, wanda wa'adin na farko ya cika a ƙarshen 2024, ka ajiye shi kusa da kasafin kuɗin ƙasar, ka ga nawa aka ware wa kowane fanni da kuma nawa aka saki.