Yadda ake auna hasken ƙwayoyin silikon kabayid a cikin ruwa

Ɗaliban kimiyya 'yan arewa da ke karatu a Akoka da Yaba a Legas sukan turo mini hoton sakamakonsu suna murna wai ƙwayoyinsu, wato 'yan mitsi-mitsin garin silikon kabayid, sun ba da haske. Mafi yawan lokuta hasken ruwa ne suka auna. Ga yadda za ka kauce wa wannan.

Fara da sanin irin garin da ke hannunka. Nau'in da ake kira 3C giɓin makamashinsa, wanda launin haskensa ya dogara a kai, kusan 2.3 eV (ma'aunin makamashi) ne, na 6H kuwa kusan 3.0. Sai ƙwayar ta ƙanƙance zuwa 'yan nanomita kaɗan (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) kafin haskenta ya karkata zuwa shuɗi. Kada araha ta ja ka ka sayi garin da ake yin dutsen wasa ƙarfe da shi a kasuwa, cike yake da datti.

Cinye garin da asid HF (haidirofulorik) don ƙwayoyin su ƙanƙance ba aikin da za ka yi kai kaɗai ba ne. Yana cin gilashi, yana ratsa fata har ƙashi, don haka sai da mazubin roba, da ɗakin zuƙe hayaƙi, da man kalsiyam gulukonet na maganin ƙunarsa a kusa. In babu ɗaya cikin ukun, ka haƙura ka sayi wanda aka riga aka sarrafa. Bayan an wanke asid ɗin, zuba a tataccen ruwa, girgiza da na'urar sauti, juya a santirifuj, na'urar da ke sa manyan ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, ka ɗebi na sama kawai. Fiya wata ba tataccen ruwa ba ne, ko da an rubuta a leda.

A wajen awon ne ake faɗuwa. Kafin komai, cika kubet, wato 'yar kwalbar awo ta dutsen kuwaz, da ruwa zalla ka auna shi. Ruwa yana da nasa tsini a zanen sakamakon, ana ce masa tsinin Raman, wanda ke nesa da hasken da ka haska da kusan 3400 a ma'aunin lambar zango, wato yawan zangon haske a santimita ɗaya. Ka haska 350 nanomita, zai fito a wajen 397. Ka koma 400, ya matsa zuwa kusan 463. Tarkon shi ne hasken ƙwayoyin ma yana matsawa idan ka sauya hasken haskawa, saboda girmansu ba ɗaya ba ne, sai ɗalibi ya ga tsini yana tafiya ya ce ga hujja. Duba faɗinsa. Na Raman siriri ne, kuma yana nan a ruwa zalla. Na ƙwayoyin tudu ne mai faɗi, daga shuɗi zuwa kore. Cire awon ruwan daga na samfurin kafin ka nuna wa malaminka.

Kuma kada ka wanke kubet da garin sabulun wanki. Akwai sinadarin ƙara farin tufafi a ciki, shi ma shuɗi yake bayarwa, haka takardar goge hannu. Ni itanol da tataccen ruwa kawai na yarda da su.

Tsarma samfurin har shanyewar haskensa ta sauka ƙasa da 0.1, in ba haka ba zai shanye hasken kansa. Bar fitilar zenon ta na'urar awon ta yi rabin awa tana ɗumi, kuma in aka ɗauke wuta aka koma janareta, sake awon ruwan daga farko. Rubuta pH, ma'aunin tsamin ruwan, domin a ruwa mai tsami ƙwayoyin kan dunƙule. In kana son ingancin hasken, wato kason da yake fitarwa daga hasken da ya shanye, gwada shi da sinadarin kwinin salfet, wanda nasa ya kai kusan 0.55.