Yadda ake reno da zaɓen furannin kaka ɗaya

Akwai furannin da rayuwarsu duka ba ta wuce kaka ɗaya: su tsiro, su yi fure, su zubar da iri, su mutu. Su ake jerawa a fangali domin ƙawata wuri cikin sauri. Marigol da ziniya, waɗanda asalinsu Meksiko ne, da fetuniya ta Kudancin Amurka, duk haka ake noma su.

Kafin komai, tsaya ka dubi wurin da za ka dasa. Idan rana na dukansa awa shida ko fiye, marigol da ziniya da fetuniya za su ji daɗinsa. Idan inuwa ta fi yawa, nemi begoniya. Wurin da zafi ya yi tsanani kuma, shukar da ake kira binka, wadda asalinta Madagaska ne, ita ce gwanarsa.

Mai son reno daga iri sai ya samu faranti mai ramuka ko ƙananan tukwane masu huji a gindi, ya cika su da ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Irin marigol da na ziniya ana rufe shi da ƙasa kaɗan, kuma cikin kwana 5 zuwa 7 yakan tsiro idan ɗumin ƙasar ya kai maki 21 zuwa 24 a ma'aunin Salsiyos. Na fetuniya kamar ƙura yake. Barbaɗa shi a sama ka ɗan danna, kada ka rufe, domin sai da haske yake tsirowa. Ita fetuniya tana cin mako 10 zuwa 12 kafin ta isa dashe, marigol kuwa 6 zuwa 8 sun ishe shi.

A yi hattara da ban ruwa. Yawan ruwa ke jawo cutar da ke ruɓar da tsiro daga gindi, ka wayi gari ka tarar da su a kwance. Yayyafi kawai, sai saman ƙasar ya ɗan sha iska a ƙara.

Idan kuma saye za ka yi a gandun reno, nan ne nake so ka natsu sosai. Ido yakan tafi ga tukunyar da ta fi cika da fure, alhali ita ce ta riga ta kashe ƙarfinta. Ɗauki gajeriyar shuka mai kauri, mai rassa da yawa, korayen ganye, wadda furenta bai gama buɗewa ba. Doguwa siririya haske ne ya yi mata ƙaranci, ƙyale ta.

Sai ka nemi izinin mai gandun, ka kifa tukunyar a tafin hannunka ka zaro shukar a hankali. Saiwa fara, wadda ta riƙe ƙasar ba tare da ta shaƙe ta ba, ita ake nema. Wadda ta nannaɗe kamar gammo ta daɗe a matse. Baƙa mai wari kuwa ta ruɓe. Juya ganyen ma ka duba bayansa, can darɓa da farin ƙuda ke ɓuya, kuma tukunya ɗaya mai ƙwari ta isa ta ɓata fangali guda.

Ko kai ka rene su ko sayowa ka yi, kada ka kai shuke-shuken rana kai tsaye. Ka riƙa fitar da su na 'yan awoyi, kana ƙarawa kullum, har kwana 7 zuwa 10. Daga nan ka dasa da yamma, zurfin da suke a tukunya, tazarar santimita 20 zuwa 30, ka shayar da su sosai. Duk furen da ya bushe ka tsinke shi kafin ya yi iri, shukar za ta ci gaba da fitar da sabo har ƙarshen kakarta.