Yadda za ka koyi hannun wani ba tare da ka sace masa zane ba

Duk mai zane da hannun wani ya fara, kuma ba wannan ke jawo rigimar da ake yi a Instagram da Facebook ba. Abin da ke jawo ta shi ne mutum ya ɗauko aikin da wani ya kwana a kai, ya sauya launin mayafi, ya goge sa hannun da ke ƙasa, ya rattaba nasa. Ni a Jos nake zane da kwamfutar hannu, ina kuma koya wa wasu ƙanne ranar Asabar. Ga yadda nake nuna musu iyakar.

Idan zane ya burge ka, fara da tambayar kanka: me ya burge ni a ciki? In kaurin layi ne, ko yadda ya shimfiɗa inuwa, ko son da yake yi wa ruwan ƙasa da ja, ɗauka, na kowa ne. Babu wanda ya mallaki salo. Abin da ba naka ba shi ne zaɓin da ya yi a wannan zanen: yadda yarinyar ta karkatar da kai, inda ta ɗora hannu, tagar da ke bayanta, gefen da haske ya shigo. In ka kwashi waɗannan gaba ɗaya, ko da ka mayar da atamfarta leshi, zanensa ka yi.

Kwafa don koyo kuwa ina sa yarana su yi, sosai ma. Amma a ajiye a cikin waya. In ya zama dole a ɗora, a rubuta sunan mai asalin a layin farko, ba can ƙasa inda sai an latsa ake gani ba, kuma kada a sayar.

Bayan ka ƙare wa aikin mutum uku ko huɗu kallo, rufe su duka kafin ka ɗauki alƙalami. Hannu na bin abin da ido ke gani, shi ya sa zane da hoton wani a buɗe a gefe yake ƙarewa a kwafi ko ba ka yi niyya ba. Sannan ka nemo abin kallo da ƙafarka. Mu 'yan Jos ba mu da uzuri a nan. Gidan tarihinmu tun 1952 yake buɗe, ga kawunan Nok, tsofaffin gumakan yumɓu, da idanunsu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kuma sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya. Je ka da takarda ka zauna. Ko ka yi sammako zuwa kasuwar Farin Gada, ka nemi izinin mai kabeji ka ɗauke shi hoto yana sauke buhu. Wannan hoton naka ne, ka yi yadda ka so da shi.

Kan Nok, da dagin Arewa, da aska takwas ta babbar riga, gado ne, ba mai hana ka. Sai dai yadda wani mai zane na yau ya sarrafa dagin ya zama tambarin kamfani, wannan nasa ne. Ladi Kwali, wadda ke bayan takardar Naira 20, ita nake ba wa yara misali. Siffar tulun Gwari da ƙadangaru da kunamun da take zanawa a jikinsa a gida ta gaje su. Da ta shiga cibiyar tukwane ta Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, sai ta haɗa da shafen ƙyalli da gashin wuta mai tsanani. Abin da ya fito ba na kakanninta ba ne sak, ba kuma na Baturen ba.

In ka gama, yi wannan gwajin kafin ka ɗora. Buɗe zanenka, ka shigo da wanda ya burge ka a kansa, ka rage masa kauri har kana hango naka a ƙasa. Daidaita idanu. Yanzu duba haɓa, da kafaɗa, da lanƙwasar yatsu. In layukan suka hau kan juna suka kwanta, koma ka sake. Juya hoton hagu zuwa dama ba ya ɓoye komai, Google Lens, manhajar bincike da hoto, kan tono shi cikin ɗan lokaci, mutanen intanet kuma ba su da aikin da suka fi so kamar jera zane biyu gefe da gefe.

Masu zanen fuska da fensir su ne suka fi faɗawa wani rami: suna ɗauka hoton kyamara ba shi da mai shi. Yana da shi. A Amurka, fitaccen fastan yaƙin neman zaɓen Obama na 2008 da Shepard Fairey ya zana daga hoton kamfanin labarai na AP aka samo shi, kuma sai da aka je kotu kafin a sasanta a 2011. A nan gida, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare zane har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, hoton kyamara kuma shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a. Ba sai an yi rajista ba, da ka gama aiki kariya ta hau kansa. Kuma ambaton suna ba izini ba ne. In kuɗi zai shigo, a riga ko kalanda ko bangon littafi, aika wa mai shi saƙo, ka ajiye amsarsa a rubuce.

Mafi wuya shi ne mai ba da aiki. Wata za ta turo hoto daga shafin hotuna na Pinterest ta ce, "Irin wannan nake so sak, a sa sunan shagona kawai." Abin da nake cewa shi ne, "Hajiya, wannan na wani ne, in ya gani zai iya sa a sauke miki shafi. Me kika fi so a ciki, launin ne ko rubutun? Bari in yi miki naki a kan haka." Yawanci launin ne. Wadda ta dage sai sak, na gwammace in bar kuɗin.

In kai aka kwafa, kada ka fara da tara jama'a. Ɗauki hoton shafin da kwanan wata, ka adana asalin fayil ɗinka da zanen gwajin farko, sannan ka yi masa magana a keɓe, don sau da yawa yaro ne da bai san haramun ba ne. In ya yi kunnen uwar shegu, Instagram da Facebook suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka. In kuwa har bugawa ya yi yana sayarwa, kai maganar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, hedikwatarta na Abuja.