Yadda Za a Zaɓi Famfas Mai Ruɓewa Ba Tare da Kwali Ya Yaudare Mu Ba

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi a birnin Accra na ƙasar Ghana bayan an ɗauke ruwan sama, zai ga abubuwa biyu sun fi komai yawa a cikinta: ledojin ruwan sha, da famfas ɗin jarirai da ya sha ruwa ya kumbura. Lissafin ba shi da wuya. Jaririn da ake canza wa famfas sau 6 a rana zai yi amfani da 2,190 a shekara guda, kuma kafin ya kai shekara biyu da rabi adadin ya haura 5,000. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, irin wanda yawancinmu ke zaune a ciki, sai a ninka wannan da yawan goyon da ke gidan. Mutanen Accra ba su manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, suka hallaka mutum fiye da 150, kuma toshewar magudanan ruwa da shara na cikin abubuwan da suka tsananta ambaliyar. Saboda haka uwar da ta ce tana neman famfas ɗin da zai ruɓe ya koma taki, ta yi tunani mai kyau. Sai dai kasuwa ta riga ta gane cewa irin waɗannan iyaye suna nan, don haka koren ganye ya yawaita a jikin kwalaye, ko da abin da ke ciki bai canza ba.

Kafin a je kasuwa, ya kamata a san abin da aka haɗa famfas da shi. Yana da shimfiɗar da ke taɓa fatar yaro, da bangon waje da ke hana yoyo, kuma a famfas na yau da kullum dukansu biyun roba ce da aka samo daga man fetur. A tsakiya akwai ɓargon itace da aka niƙa ya yi laushi kamar auduga, an gauraya shi da wani gari mai kama da gishiri wanda ke shanye fitsari ya zama kamar kamu mai kauri. Sai robar da ke kama cinya da ƙugu, da gam, da maɗaurin gefe. Ɓargon itacen yana ruɓewa. Shimfiɗa da bango ana iya yin su da sitacin masara ko zaren gora. Amma garin nan mai shan fitsari, da roba mai miƙewa, da maɗauri, a mafi yawan famfas ɗin da ake tallatawa da sunan kare muhalli har yanzu na man fetur ne, kuma ba sa zama taki. Wannan ne ya sa kamfanin da ya rubuta cewa kashi kaza cikin ɗari na kayansa daga tsirrai ne, ya kuma lissafa sassan ɗaya bayan ɗaya, ya fi cancantar a yarda da shi a kan wanda ya buga hoton daji ya yi shiru.

Tun da kwalayen da Turanci ake rubuta su, akwai kalmomi uku da ya wajaba a rarrabe. Kalmar "biodegradable" tana nufin abin zai narke wata rana, amma ba ta faɗi yaushe ba, ba ta kuma faɗi a wane yanayi ba, don haka ita kaɗai ba alkawari ba ce. Kalmar "oxo-degradable" ta fi ta muni, domin roba ce ta gama-gari da aka zuba wa sinadarin da zai sa ta farfashe ta zama ƙananan ɓarɓashi da ke shiga ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta haramta irin wannan roba tun shekarar 2021. Kalmar da ke da ma'auni a bayanta ita ce "compostable", kuma ita ma sai idan an ga lambar ma'aunin tare da ita. A Turai lambar ita ce EN 13432, a Amurka kuma ASTM D6400. Ma'aunin na Turai ya sharɗanta cewa cikin mako 12 abin ya ruguje ta yadda ba fiye da kashi 10 cikin ɗari zai tsaya a rariya mai ramin milimita 2 ba, kuma cikin wata 6 kashi 90 cikin ɗari ya ruɓe.

A nan ne ake yawan yin kuskure, kuma ina so a tsaya a kansa da kyau. Wannan gwaji ana yin sa ne a yanayin masana'antar taki, inda zafi ke kai wa wajen digiri 58, ana juya tarin ana ba shi iska. Robar sitacin masara, wadda ake rubuta wa PLA, tana bukatar irin wannan zafin. Idan aka jefa ta a bayan gida ko a kwata, za ta daɗe tana nan kamar kowace leda. Hukumar TÜV Austria tana da tambari iri biyu, "OK compost INDUSTRIAL" na masana'anta da "OK compost HOME" na ramin takin gida, kuma bambancinsu babba ne. Abu na biyu shi ne a duba ko tambarin na mene ne. Sau da yawa shaidar ta ledar da aka naɗe famfas ɗin ce kawai, ko ta bangon waje, ba ta famfas ɗin gaba ɗaya ba, kuma wannan bayani yakan kasance cikin ƙananan haruffa a bayan kwali.

Duk da haka, lafiyar yaro ita ce a gaba da maganar taki. A Ghana hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ita ce ke yi wa famfas rajista, kuma ta sha gargaɗin jama'a game da wanda ake shigowa da shi cikin dila, ba kwali, ba sunan kamfani, ana sake ƙulla shi a leda ana sayarwa da araha. Irin wannan ba a san yadda aka ajiye shi ba, ba a san ko hannu nawa ya taɓa shi ba, kuma fatar jariri ba wurin gwaji ba ce. A nemi kwalin da yake a rufe, mai sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da aka yi shi. Idan mai shago ya ce kayan na kare muhalli ne amma babu kwalin da zai nuna, to maganarsa ba ta da madafa.

Bayan wannan sai a duba abubuwan da ke taɓa fata. Wanda ba a sa masa turare ba ya fi, domin ƙamshi ba ya ƙara tsafta, yana dai iya jawo ƙaiƙayi, kuma yana ɓoye warin da ke sanar da uwa cewa lokacin canji ya yi. Haruffan TCF suna nufin ba a yi amfani da sinadarin kulorin ko kaɗan wajen farar da ɓargon itacen ba, tambarin FSC kuma yana nuna cewa itacen daga dajin da ake kula da shi aka saro. Zaren gora yana da laushi, amma sai an sarrafa gorar da sinadarai masu ƙarfi kafin ta zama zare, saboda haka kalmar gora kaɗai ba hujja ba ce.

Kada a sayi katan a karon farko. A ɗauki ƙaramin ƙunshi, a zaɓi lamba bisa nauyin yaro da aka rubuta a katinsa na awo, ba bisa watanninsa ba. Idan an ɗaura, yatsu biyu su iya shiga tsakanin ciki da ƙugun famfas ɗin, kuma kada robar ta bar jan zane a cinya. A gida ana iya zuba rabin kofin ruwa a cikin guda ɗaya, a jira minti biyu, a danna da busasshen tsumma a ga ko danshi ya dawo sama. Wannan gwaji yana da muhimmanci, domin famfas ɗin da ke yoyo har a riƙa canza shi sau 10 maimakon 6 ya ƙara shara ne, bai rage ta ba. A gwada shi kwana uku da dare uku, ana duba matsematsin yaro. Sauran kuma a ajiye su a busasshen wuri nesa da rana, musamman a daminar Afrilu zuwa Yuli, saboda kayan tsirrai ba sa jure laima da zafi kamar roba.

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi: ina zai ƙare? Idan ya bi mai keken bola ya je babban juji aka danne shi da tarin shara, babu iska a can, kuma abin da ya ruɓe ba tare da iska ba yana fitar da iskar mitan mai ɗumama yanayi. Akwai masana'antar taki a Adjen Kotoku da ke sarrafa sharar birnin nan, amma kasancewarta ba ya nufin famfas ɗin da aka jefa a kwandon gida zai zama taki, domin kayan da ke ɗauke da bayan gidan ɗan Adam suna bukatar tsari na daban. Don haka a tambayi mai sayarwa kai tsaye ko akwai wanda ke karɓar wanda aka yi amfani da shi. Idan babu, to ribar da aka samu ita ce ƙarancin roba da sinadarai wajen ƙera shi, wadda riba ce ta gaske, amma ba ita ce wadda hoton kwalin ya nuna ba, kuma da wannan sanin ya kamata a auna ko tsadarsa ta dace da aljihu.

Ko wane iri aka saya, kashin da ke ciki a kakkaɓe shi a masai kafin a naɗe. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kashin jariri ba shi da illa, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na babba, kuma unguwanninmu sun ga abin da kwalara ta yi a 2014. Kada a jefa a kwata da dare, kada a tura shi cikin masai ya toshe, kada kuma a ƙona shi a tsakar gida inda yara ke shaƙar hayaƙin. Mai fili a bayan gari, kamar Kasoa ko Amasaman, yana iya yage famfas na fitsari kaɗai, ya cire roba da maɗauri, ya binne ɓargon tare da busassun ganyaye a gindin bishiyar inuwa. Ba a yin haka da mai kashi, ba a kuma kai shi kusa da rijiya ko lambun ganyen miya.

Ga gidan da kuɗi ya yi wa kaɗan, hanyar da na fi ba da shawara ita ce a raba aikin. Da rana, lokacin da uwa ko kaka ke gida, a yi amfani da kunzugu na tsumma, a wanke a shanya a rana, a shafa ɗan man kaɗanya a fatar yaro. Da dare, ko ranar awo, ko tafiyar suna da biki, sai a ɗaura famfas ɗin da aka zaɓa. Iyayenmu mata kuwa sun saba ɗora jariri a kan ƙafafunsu da safe bayan ya sha nono, su riƙe shi har ya yi kashi a fo, kuma yaron da aka saba masa da haka yakan bar famfas da wuri. Wanda ya sauko daga 6 a rana zuwa 2 ya rage 1,460 a shekara, kuma kuɗin da ya rage zai ishe shi sayen mai kyau na daren.